Rairayin da Na Shimfiɗa wa Mesar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka bar mini amanar mesa ba. Yau shekarata saba'in da huɗu, al'amarin kuwa ya auku shekara biyu da suka shige, a gidan 'yata da ke garin Pleasant Garden, can ƙasar Turawa.

Surukina, Malam Bashir, malamin jami'a ne mai ladabi, sai dai yana kiwon wata 'yar mesa a akwatin gilashi (har yau ban gane laifin da akuya ta yi masa ba). Da tafiya ta kama shi da 'yata, ya durƙusa ya ce, "Baba, ruwa kaɗai za a riƙa canja mata."

Na ce, "Shekara talatin na yi ina malamin daji. Allah ya kiyaye hanya."

Da suka tafi na leƙa, sai na ga baiwar Allah kwance kan wata baƙar dusa mai danshi, kamar juji. An ce asalin irinta daga ƙasashenmu ne. To, a garinmu ko baƙon kwana ɗaya sai an tankaɗe farin rairayi an shimfiɗa masa a ɗaki. Na ƙudura zan nuna wa surukina yadda ake karrama ɗan gida.

Aminina Alhaji Seidu, mutumin zangon Kumasi, ya kai ni wani kantin dabbobi a titin Wendover. Nan kaina ya ɗaure. Ga ɓawon kwakwa, ga ɓawon itace, ga dusar katako, ga takarda, wai duk shimfiɗar maciji ce. Mai kanti ya tambaye ni irin macijin, da yawan danshin da yake so, da lokacin saɓarsa. Mu dai a daji, in an ga maciji, sandar duka kaɗai muke tambaya.

Alhaji Seidu ya ce, "Malam, buga wa Bashir waya mana."

Na ce, "Ni in tambayi surukina yadda ake shimfiɗa?"

Muka zarce kantin kayan gini na sayi yashi. Na tankaɗe, na shanya ya bushe ƙayau, na kwashe dusar nan da dogon cokali (mesar na gefe, ni ma ina gefe), na shimfiɗa. Maimakon godiya, sai ta shige kwanon ruwanta ta ƙi fita. Na ce mura za ta kama ta, na ɗauke kwanon na sa kofin shayi.

Ran da suka dawo, saɓar ta manne mata tsumma-tsumma, bakinta duk yashi. Bashir ya ɗauko ta a hankali. Alhaji Seidu ya kwashe mu sai asibitin dabbobi.

Likitar, wata dattijuwa, tana goge bakin mesar da auduga ta ce, "Wannan a ramin ƙasa mai laima take zama. Ɓawon kwakwa take buƙata. Wa ya sa ta a busasshen yashi?"

Bashir ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

Ta yi ta yi masa faɗa kamar ɗan firamare, yana amsawa da "Na tuba." Ni kuwa babbar rigata ta yi mini nauyi. Na miƙe na ce, "Likita, ƙyale shi. Ni ne. Har tankaɗewa na yi."

Sai 'yata ta ce a hankali, "Baba, da wace rariya?"

Rariya ɗaya ce a gidan. Makon nan kaf tuwonmu yana ƙas-ƙas a haƙori.

Mesar ta warke, an mayar mata da jujinta. Ni kuwa na koyi cewa zama gari ɗaya da maciji ba ya sa ka san makwancinsa, kuma tambayar suruki ta fi sauƙi a waya bisa a gaban likita. Wanda ya yi shakka ya tambayi 'yata, ko Bashir (ba zai faɗa ba), ko Alhaji Seidu, wanda tun ran nan yake kirana Sarkin Yashi a ƙofar masallaci.