Rasuwar Jandarma, Mai Tsayar da Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma rashin sanin abin yi, ni Ummul-Khairi, a madadin iyalan Alhaji Na'Allah mai motocin dakon siminti a Birnin Ƙonni, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutar buronmu, wato ofishinmu, wadda direbobi suka laƙaba wa suna Jandarma. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinyar da muka yi ta ɗauka tsufa ne kawai.

Marigayiya ta zo gidanmu da shekarunta. Ƙanena Abdulwahab ne ya sayo ta gwanjo kafin ya tafi karatu Yamai. Ba hoto, ba kiɗa, ba ta taɓa leƙa intanet ba. Fuskarta baƙa ƙirin, sai wani ɗan farin layi da ke ƙifta ido yana jiran umarni. Kalmomi uku Abdulwahab ya koya mata, kuma da su ta rayu. Idan direba zai kama hanya, in rubuta "tashi" da sunansa. Idan ya dawo, in rubuta "sauka". Idan na rubuta "nawa", sai ta faɗi awannin da ya yi riƙe da sitiyari. In sun wuce ƙa'ida ta yi kukanta, ƙit-ƙit, ta rubuta da manyan baƙaƙe: A KWANTA.

Shaidar da kowa zai yi mata ita ce ba ta karɓar na goro, ba ta kuma san babba ba. Direbanmu Idrissa ya sha yi mata kirari don ta bar shi ya ƙara sawu ɗaya zuwa Malbaza, ko gezau. Amma babban alherinta ni ta yi wa, kuma dole in faɗe shi.

Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Baba kuwa, duk da motocin nasa ne, ya ƙi ajiye tuƙi. A wurinsa kwanciyar rana ta majinyata ce. Inna Salamatu ta yi magana har ta gaji. To ni wa ya aike ni in buɗe baki in ce wa mahaifina ya gaji? Sai Allah ya kawo Jandarma. Baba ya ce inji ba shi da uba, don haka maganarsa ba rashin kunya ba ce. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya tsallake ni da ido, ya dubi tebur.

"Jandarma, mi kic ce?"

In rubuta "nawa". In ta yi shiru ya wuce abinsa. In ta yi ƙit-ƙit sai ya yi tsaki, ya ce wannan abu ba ta da mutunci, ya rataye makulli, ya je gindin dogon-yaro ya miƙe a tabarma. Kafin a jima sai minshari. Abin da ke cina a rai shi take faɗi, ni kuwa kaina na sunkuye, mutuncina na nan.

Ciwon ajali ya fara mata da tari. Ƙurar siminti ta cika mata ƙirji, fankarta na gurnani kamar tsohon babur. Daga baya batir ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta suma. Ranar Talata na kunna ta, ta yi wani ƙara-ƙara sau biyu, farin layin bai fito ba. Na rungume ta zuwa wurin Sharifu mai gyara a kasuwa. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya kara kunne, sannan ya mayar da murfin a hankali ya ce in yi haƙuri. Na kira Abdulwahab, ya ce aikin wuni ɗaya ne ya koya wa wata kwamfutar, amma sai ya zo hutu, hutun kuwa ba kusa ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da jaka marar zif, da direbobin da na ga wasunsu suna murmushi, Allah ya shirye su. Ta bar ni.

Masu ba da haƙuri sun ce takarda da biro ma suna lissafin awa. Ƙanwata Nazifa har littafi ta sayo mini. Na rubuta awannin Baba, na ajiye a gefen tebur inda zai gani. Ya ga rubutun hannuna ne, ya kau da kai. Rubutuna bakina ne, kuma ya fi ni sanin haka.

Yau da safe ya shigo daga garin Tawa, idanunsa jajur, na kuma san bai runtsa ba. Ga lodin Illela yana jira a Malbaza. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon teburin da ba kowa.

"Yau ba mai tsai da mutum ke nan," in ji shi.

Wallahi jira yake yi. Na sunkuyar da kai a kan littafin Nazifa. Ya ɗauki makulli ya fita.

Za a naɗe marigayiya a tsohon zanen Inna, a sa ta a kwali, a ɗora a saman kabad ɗin buro. Ba a tsayar da lokaci ba, sai Baba ya dawo. Ba ma bukatar goro ko dabino, kuma kada kowa ya wahalar da kansa zuwa gaisuwa. Roƙon iyalai ɗaya ne. Duk wani dattijo sa'an Baba da ke kan hanya tsakanin Malbaza, Tsarnawa da Illela, in ya ga shuɗiyar mota ɗauke da siminti, da tsoho mai farin gemu a gaba, don girman Allah ya ɗaga masa hannu, ya ce masa ya gangara gefe ya ɗan yi barci. Ni na kasa.