Ranar da Aka Zo Dubiyar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba a gidanmu na Beltsville, a nan ƙasar Turawa, ranar da dattawa uku suka zo dubiya da kulolin abinci, alhali marar lafiyar ba mutum ba ce.

'Yata Amira ce ta jawo min. Tana da shekara goma ta dame mu sai an saya mata iguwana, wani koren ƙadangare mai girman damo, da ƙayoyi a gadon baya da leɓe a wuya. Na ce a garinmu irin wannan jifa ake yi, uwarta ta ce in bar yarinya ta yi abin da take so. Sunan da Amira ta raɗa mata shi ne Gwaggo, wai don tana zama ta ɗaga kai tana kallon mutane a wulaƙance, kamar ƙanwar mahaifina da ta taɓa zuwa mana hutu. (Na tsawata mata a kan haka, amma da na duba da kyau sai na ga yarinyar ba ta yi ƙarya ba.)

Da hutun makaranta ya zo, suka tafi Kano ita da uwarta, aka bar min amana. A filin jirgi Amira ta riƙe hannuna ta sa na yi alkawarin ba abin da zai sami Gwaggo. Ko sati ba a yi ba Gwaggo ta daina cin abinci.

Na yanka mata ganye, ta kau da kai. Na kawo mangwaro, ta rufe ido. Na dafa kabewa na dama, na miƙa mata a cokali ina lallashinta da Hausa, ni da ban taɓa ba 'ya'yana abinci a baki ba. Sai ta wuni tana tonon kusurwar kejinta, ƙafafunta na ramewa. Amira kuma kullum sai ta kira ta tambaya, ni kuwa in ce lafiya lau. Gaskiya tsoro ya kama ni, kuma ba na yarinyar kaɗai ba. Na saba da dabbar.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Silver Spring, Alhaji Mamman, wani dattijon likita da duk muke girmamawa, ya tambaye ni me ya sa na yi zuru-zuru. Na ce, "Wallahi Alhaji, Gwaggo ce. Ta daina cin komai, sai kwanciya." Kafin in ƙara bayani wani ya ja shi gaisuwa, ni kuma na yi sauri na koma wurin aiki. Na manta shaf cewa Alhaji ya san Gwaggona ta gaskiya, har ta taɓa ci a gidansa.

Washegari da rana na sa iguwanar a bahon wanka da ruwan ɗumi, don na ji ana cewa yana taimakawa. Sai ƙararrawar ƙofa. Ina buɗewa, daga ni sai singileti da cokalin kabewa a hannu, na ga Alhaji Mamman da matarsa Hajiya Turai, da Malam Isuhu, ɗan Nijar mai tasi, wanda ya ɗauko su. Ga farfesun kaza, ga kunun gyaɗa.

Aka zauna, aka gaisa, aka yi min faɗa a hankali kan yadda Gwaggo za ta zo ƙasar nan ban sanar da kowa ba. A nan ya kamata in buɗe baki, amma Alhaji ya riga ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kuma ba a katse dattijo yana addu'a. Na shafa tare da su. Malam Isuhu ya ce in jikin ya yi tsanani motarsa na waje, a kai ta lopital, wato asibiti, yanzu.

Hajiya ta tambayi inda take. Bakina ya ce, "Tana wanka."

"Ka bar tsohuwa marar lafiya ita kaɗai a banɗaki?" Ta miƙe ta gyara mayafi. Na bi ta ina "Hajiya, tsaya ki ji," ita kuwa ta ce wannan sha'anin mata ne. Ta yi sallama sau biyu cikin ladabi, ta tura ƙofa.

Ba ta yi ihu ba. Ta dai dawo da baya da baya har falo tana salati, takalmi ɗaya a ƙafa. Mazan suka leƙa, Gwaggo ta ɗago kai daga cikin baho ta yi musu kallon nan nata. Alhaji ya juyo ya ce, "Wannan muka yi wa addu'a?"

Na ce ita ce, kaina a ƙasa. Malam Isuhu ya fara dariya har ya zauna a kan kafet, Hajiya ma ta kasa daurewa. Alhaji kuwa ya sa tabarau ya duba iguwanar, ya ce cikin nan a kumbure yake, kuma tunda an zo dubiya sai a ƙarasa lada. A tasin Malam Isuhu muka kai ta wurin likitan dabbobi, tana nannaɗe a tawul a cinyata.

Ashe ƙwai ne cike da cikinta. Likitar ta ce matansu na yin haka ko ba namiji, wurin binnewa take nema. Na tanadar mata akwatin yashi mai damshi, ta zuba ƙwanta, ta fito ta cinye ganye kamar ba ita ba. Ranar na faɗa wa Amira komai, ta yi dariya har uwarta ta karɓe wayar.

Har yau in na shiga taro sai wani ya ce, "Ya jikin Gwaggo?" Abin da na koya shi ne, in za ka ba da labarin marar lafiya a bakin masallaci, fara faɗin ƙafafunsa nawa.