Mariƙin Ƙofata da Mai Girma Sarkin Siyana

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan na ga ta kaina. Na ji ƙararrawa, na taso da sauri don na san surukata ce, Hajiya Dela, ta iso daga unguwar Waziriyya. Na kama mariƙin ƙofa na danna, sai ga shi a hannuna ɗungurungum. Ƙofa kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ni a ciki, Hajiya a waje, ga ranar Jidda ta azahar, wadda ko kyanwa ba ta yarda ta taka kwalta.

"Abu Rana," in ji ta daga bayan ƙofa, "in ba a son zuwana ai sai a faɗa mini tun a waya."

"Wallahi Hajiya, ku yi haƙuri, ƙofar ce."

"Ƙofar ce. To, madalla da ƙofa."

Tsohuwa mai hawan jini, riƙe da tukunyar dambu, tsaye a rana, kuma a ƙofar surukinta. Ku auna.

Bari in ɗan koma baya. Rukunin gidajenmu a Ruwais yana hannun wani ofishin siyana, wato masu gyara, a suna dai. Bara suka cire mana ƙofofin katako da suka girme ni, suka kafa farare na roba da ake kira uPVC. Har biki aka yi. Aka kafa rumfa, aka raba gahawa da dabino, Mai Girma Mudir, wato shugaban ofishin, Sarkin Siyana, Garkuwan Ƙofofi, ya yanke ƙyalle ya ce waɗannan ƙofofi jikokinmu ne za su gaje su. Gaskiya ya faɗa, Allah ya ƙara masa girma. Ƙofar tana nan daram. Ai bai taɓa cewa za ta riƙa buɗuwa ba.

Mu da ke kusa da teku, iskarmu da gishiri take tafe, shi kuwa gishiri ba abin da yake so kamar sukurun ƙarfe. Tun watannin baya mariƙin ya fara langaɓewa kamar kunnen akuya. Sai ka ɗaga shi sama da iya ƙarfinka kafin mukulli ya yarda ya juya. Na kira ofis, aka ce bukra in sha Allah, wato sai gobe. Da na matsa, aka turo mini mutum uku. Ɗaya ya ɗauki hoto, ɗaya ya riƙe wa mai hoton jaka, na ukun ya yi mini bayani cikin natsuwa: ƙofa tana ƙarƙashin sashen gini, kwaɗo yana sashen tsaro, shi kuwa mariƙi ana kan nazarin ko na waye. An ma kafa kwamiti. Na yi musu godiya, don ban taɓa zaton abin da nake dannawa da hannun hagu yana da wannan daraja ba.

To, ranar Asabar na sake kira, Hajiya na waje. Wata murya mai daɗi ta ce kirana yana da muhimmanci, aka saka mini kiɗa. Maƙwabcina Sadiƙ ya fito, ya kawo wa Hajiya kujera da laima, sannan ya leƙo ta taga.

"Ya Abu Rana, halas, magana ta ƙare, fasa ta kawai!"

"In fasa gadon jikoki?"

"Jikokin ma ai sai sun shiga gidan kafin su gada."

Muna cikin haka matata Luba ta fito daga kicin da filaya. Ta nufi ƙofar kai tsaye. Ta kama ɗan sandan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ya leƙo daga ramin mariƙin, ta murɗa, ƙofa ta buɗe. Hajiya ta shigo tana fifita da gefen mayafi, ta wuce ni kamar ginshiƙi. "Da ma na san 'yata ce mai gidan," in ji ta.

Da la'asar na nufi wani shagon kayan gini a unguwar Sharafiyya. Mai shago ya tambaye ni tazarar da ke tsakanin sukurorin biyu, da wadda ke tsakanin mariƙi da ramin mukulli. Na ce masa fari ne, dogo. Ya ce in je in kawo gawar tsohon. Na je na kawo. Sadiƙ ya riƙe ɓangaren waje, ni na ɗaure sukurori daga ciki, muka fesa ɗan mai a kwaɗon. Aikin da ya gagari kwamiti ya ƙare kafin shayinmu ya huce.

Ranar Litinin sai ga jerin motoci. Mai Girma da kansa! Na gyara tsayuwa ina jiran ban haƙuri. Aka ce mini na taɓa kayan gini ba izini, kuma laifi ne babba. Sai Mai Girma ya danna mariƙin, ya sake dannawa, ya ga yana komawa da kansa yana sheƙi. Nan take laifi ya narke. Aka jeru, ya ɗora hannu a kai, aka ce in ɗan matsa gefe ina tare haske.

Washegari hoton ya fito a allon sanarwa, da manyan baƙaƙe: an kammala kashin farko na shirin sabunta mariƙai cikin nasara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In kun bi ta wajen allon, ku duba can ƙasa ta hagu. Akwai rabin babban yatsan ƙafa da ya leƙo cikin silifa. Nawa ne. A rubuta a tarihi, ni ma na halarta.