Ranar da Na Raba Furen Wuta-wuta a Aji

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata sakandare ta ƙauye wajen Kazage ba. Ni 'yar cikin garin Kaduna ce, sanina da tsiro bai wuce na littafi da na tukunyar miya ba, amma Bayoloji aka ba ni. Ranar Laraba malamarmu ta kwaleji za ta zo ta ba ni maki, in na faɗi sai maimaita shekara.

Kullum da la'asar nakan bi hanyar gona ina kallon dajin da ya yi shuɗi can nesa, ina saƙa da warwara. A raina har na zama malamar da ɗalibai za su riƙa ba jikokinsu labari. Ana jibi malamarmu za ta zo, sai na ga wasu 'yan furanni ruwan hoda sun lulluɓe gindin dawa, iska tana kaɗa su a hankali. Na daɗe tsaye kamar mai mafarki, ban ko lura dawar wurin duk ta tsumbure ba. Na ce ga darasina ya samu: sassan fure. Na cika gyalena. Waɗanda suka soma bushewa kuwa na karkaɗe irinsu a gefen gonar makaranta, don baɗi su fito a tuna da ni. (Allah Ya raba mu da son yabo.)

Laraba ta yi. Malamar ta zauna a bayan aji, shugaban makaranta a gefenta. Na raba furen benci-benci, na kuma sanar cikin alfahari cewa har gonar makaranta na yi wa shuka. Aji ya yi tsit, kowa ya riƙe nasa da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Ni kuwa na ɗauka burge su na yi.

Sai wata ɗaliba mai suna Saratu ta ɗaga hannu. "Malama, wuta-wuta ce fa. Ita ta cinye mana dawa bara."

Na sake duban furen da ke hannuna. A makon da ya wuce ni da bakina na koyar da tsiron nan da sunansa na littafi: yadda saiwarsa ke maƙale wa ta dawa tana zuƙe mata ruwa da abinci, da yadda irinsa ke shekaru a ƙasa bai mutu ba. Har zane na yi a allo, amma ban taɓa ganinsa da ido ba.

Shugaban ya cire hularsa, ya ce a hankali, "'Yata, wane gefen gonar?"

Malamar ta rufe littafinta ba ta rubuta komai ba. "Zan dawo mako mai zuwa. Kafin nan ki bari yaran nan su koya miki."

Kwana shida na yi da fartanya ina kankare ƙasa ana ƙonawa, Saratu tana gyara mini riƙo. Da malamar ta dawo na ci, da ƙyar. Tun daga nan, in na ga kyakkyawan abu a gonar mutum shi kuma yana hararsa, tambaya nake fara yi.