Inno Ta Ce Ba Za Ta Haɗiyi Kamarar Kanawa Ba

"Ina gajiya, amarya? Au, ashe har yanzu kina nan da ranki? Ni da na biyo ta kasuwa ina taya likkafani!"

"Sai na ga bayanka, mijin banza. Shigo, amma ka bar wannan takalmin naka mai warin mushe a waje."

Alkasum ya tsuguna a bakin tabarmar kakarsa Inno yana dariya, amma idonsa na kan hannunta. Tsohuwar da ake jin muryarta tun daga bakin titin unguwar Zango, yau tafin hannunta ya yi fari fat. Jini ke zuba a cikinta a ɓoye. An ƙara mata jini a asibiti, an zura tiyo ta sama, an zura ta ƙasa, ba a ga inda yake yoyo ba. Likita ya ce abin yana can tsakiyar hanji inda tiyo ba ya kaiwa, sai dai a je Kano, akwai wata ƙwaya mai kamara da ake haɗiyewa. Inno ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta zuwa.

Mahaifin Alkasum ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ya zauna ya yi musu da ita. Sauran 'ya'yan sun yi ta lallashi har bakinsu ya bushe. Shi ya sa aka taso Alkasum daga kan kekensa na ɗinki, don jika kaɗai ke gaya wa tsohuwa magana son ransa ya kwana lafiya.

"An ba mu randebu, jibi za mu ga likitan," in ji shi. "Ki ɗaure tsummokaranki, gobe da safe za mu hau kar, babbar motar Kano."

"Ka hau kai kaɗai, a ɗauki foton cikinka. Sai dai ban san abin da za a gani ba in ban da garin rogo da yunwa."

"Ƙwaya ce fa 'yar ƙarama, ba ta kai dabino ba. Ki kora da ruwa, a ɗaura miki wata 'yar na'ura a ƙugu, ita kuma tana tafiya cikin hanji tana aiko da foto. Ba yanka, ba allura."

"Madalla! Har da fitila ke gare ta, ko cikin duhu za ta yi ta lalube?"

"Har da fitila."

"To ka ga ta fi ka amfani. Fitilar ɗakin nan tun bara ka ce za ka gyara. In ta gama yawon nata, ta ina take fita?"

Alkasum ya sosa ƙeya. "Ta inda komai yake fita."

Inno ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Wa ya haɗiye ta kafin ni?"

"Sabuwa ce dal, kowa da tasa."

"A Kano? Kai yaro ne. Bakano ya ga kamara sukutum ya bar ta ta tafi masai? Wallahi ɗauraye ta zai yi, ya sa a leda, ya ce yanzu aka sauke ta daga jirgi."

"Bayan taki ai ba mai saye. Tana shiga ta ga goron da kika tara tun zamanin Nasara, da kanta za ta kashe fitilar ta nemi hanyar gudu."

"Sannan ni Badamagariya in kwanta Bakano yana kallon hanjina a tele yana shan shayi? Kakanninmu da dawaki suka je musu har ƙofar gari, ni kuma in kai musu cikina su leƙa? Ko marigayi kakanka, da ya fi ka kyau nesa ba kusa ba, bai taɓa sanin abin da ke cikina ba."

"Shi tsoronki yake ji. Ni ne maigidan yanzu, kuma na ba da izini."

"Maigidan da ko gishiri bai taɓa kawowa ba!"

Ta so ta ƙara wata, numfashi ya gaza mata. Ta jingina da bango tana haki, sannan ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba, "In abin ya zo a can fa? Cikin baƙi za ku rufe ni ku hau mota ku dawo. Ni kusa da kakanka nake so."

Nan Alkasum ya gane inda gizo ke saƙa, tausayinta ya kama shi. Amma ya san in ya sassauta murya, shi ke nan ya zama kamar sauran, ta kore shi da addu'a.

"Kanawa su karɓi gawarki? Suna da hankali fa. Ko a bayan moto sai na goyo ki na dawo da ke Damagaram, wannan alkawari ne. Amma in kika zauna nan kika mutu don tsoro, kin san ranar sadakar bakwai mu jikoki ke da fili. Zanenki zan ɗaura in fito tsakar gida, duk Zango su ga yadda kika yi."

Ya fizgi mayafinta daga kan igiya ya yafa, ya ɗauki sandarta, ya ranƙwafa yana ɗingishi, ya maƙale murya. "Wayyo ni Inno! Ku ɓoye ni, ga Bakano nan da 'yar ƙwaya! Ni da na haifi maza na aurar da mata, ni da ba a taɓa... ba a taɓa..."

Muryar ta ƙi fita. A zuciyarsa ya ga tsakar gidan cike da masu zaman makoki, ga mayafin a kansa, tabarmar kuma ba kowa. Ya juya mata baya yana goge fuska da gefen mayafin.

Inno ta ɗago daga jikin bango.

"Kai, tsaya. Haka nake tafiya? Kamar agwagwar da aka taka?"

"Haka kike."

"Ƙarya kake! Kuma wane irin jika ne ke kuka a wasan kakarsa? Kunyata ni za ka yi gaban mutane, a ce Inno ta mutu ba ta bar ko mai iya kwaikwayonta ba." Ta fashe da dariya har da tari. Ta kwance bakin zanenta ta ciro farin goro ta jefa masa. "Ungo, ka daina ɓata mini mayafi da majina. Je ka gaya wa ubanka ya kama mini wuri a motar, kusa da taga. Ba zan mutu in bar sunana a hannunka ba sai ka koyi aikin."