Rasuwar Koriyar Suwaitar Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da kwana huɗu ke nan bai ji ɗumi ba, Mai Agogo, wanda shagonsa ke hayin gada, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya saba ɗaga masa hannu a hanya cewa koriyar suwaitarsa ta rasu. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a cikin injin wanki, bayan shekara goma sha bakwai tana bakin aiki. Ba ta yi doguwar jinya ba. Minti arba'in da biyar ne, in ji shi, kuma a maganar lokaci ba a musu da shi.

An haifi marigayiyar a kan kujerar da ke kusa da taga, a hannun matarsa, wadda ta kwashe wata biyu tana saƙa ta. Ba irin ta kanti ba ce, da ake yi wa mutumin da zai tsaya ƙiƙam a gaban madubi. Ita don mai keke aka yi ta. Gabanta ninki biyu ne, saboda nan iska ke duka. Bayanta shara-shara, saboda ta nan gumi ke fita. Bayan kuma ya ɗara gaban tsawo da yatsu huɗu, don in maigidan ya sunkuya a kan keke kada ƙugunsa ya leƙo ya gaisa da sanyi.

Duk rayuwarta a tsakiya ta yi ta. A ƙarƙashinta akwai singileti mai dogon hannu, wadda ba ta auduga ba, domin Mai Agogo ya ce auduga tana riƙe gumi kamar mai riƙon gaba. A samanta akwai baƙar jaket mai tare iska. Marigayiyar ce ke riƙe ɗumi, ta bar gumi ya wuce. Duk wanda aka haifa a tsakiyar 'yan'uwa ya san irin wannan aiki: na ƙasa ya jiƙa ka, na sama ya danne ka, a ƙarshe a yaba wa jaket don ita ake gani. Ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Tare suke fita kullum da ƙarfe shida da minti ashirin. A bakin ƙofa yakan ji ɗan sanyi, kuma haka yake so, don a cewarsa wanda ya bar gida yana jin ɗumi zai isa aiki a jiƙe, kuma gumi ne ke kwantar da mutum, ba iska ba. In sun kama gangara zuwa gada sai ya ja ɗan zif ɗin wuyanta sama, ta ce kirrr, ta tsaya a haƙori na uku ta ce tik, sai ya lallaɓa ta ta ƙarasa. In sun fara hawan tudun kasuwa ya ja shi ƙasa. Da yamma in zai tuɓe ta takan ce ƙas-ƙas-ƙas, ta tayar masa da 'yan gashin da suka rage a kansa. Iyakar maganarta ke nan a shekara goma sha bakwai, abin da ba za a iya faɗa a kan mutane da yawa ba.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin rashin tufa. Shekara tara da suka wuce ciwon huhu ya kwantar da Mai Agogo kwana goma sha biyu a asibiti. Babbar 'yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta rantse sai an sayar da keken. Matarsa ce ta raba gardamar a bakin gadon.

"Malam, ba zan raba ka da kekenka yau ba. Amma ran da suwaitar nan ta ƙare, ka rataye shi. Wata kuma ba zan saƙa ba, yatsuna sun gaji."

Ya dubi marigayiyar, a lokacin tana da ƙarfinta, ya ce ya yarda. Alkawari kuwa kaya ne, kuma shi ba ya cikin masu saukewa a hanya.

Akwai bas, ya sani, tana tsayawa daf da shagonsa. Amma a bas kai mutum ake yi, a keke mutum ke kai kansa. Shekarunsa sittin da takwas, kuma abin da yake tsoro, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ran da ya sauka daga keken nan a ranar zai tsufa. Don haka ya reni suwaitar kamar ƙwai a cokali. Shi yake wanke ta da hannunsa, a ruwan sanyi, ba murɗawa, ya shimfiɗa ta a kan tawul ta bushe a inuwa. Da gwiwar hannunta ta fara hujewa, sai ya ɗauke ta a ɓoye ya kai wa telan da ke maƙwabtaka da shagonsa. Sau biyar ana haka. Duk ran da aka yi faci yakan shigo gida hannuwansa a naɗe a ƙirji kamar mai dogon tunani, yana jin babu wanda ya kai shi wayo.

Ajali ya zo ta hannun surukinsa, mutumin kirki wanda babu abin da za a zarge shi da shi sai son gyara. Shi ya kawo wa gidan injin wanki kyauta. Don ya nuna aikinsa, ya tattara duk abin da ke rataye a bayan ƙofa ya zuba, ya murɗa zafin ruwan har ƙarshe, wai don a kashe ƙwayoyin cuta. A lokacin Mai Agogo yana tsakar gida yana sa wa sarƙar keke mai. Da injin ya tsaya aka buɗe, sai ga marigayiyar ta tsuke ta dunƙule, ta yi tauri kamar tabarmar goge ƙafa, da ƙyar za ta shiga ɗan shekara huɗu.

An yi iya ƙoƙari. An jiƙa ta, mutum biyu sun ja, an ɗame ta a kan bokiti ta wuni. Maigidan ya ce a bar shi ya gwada, kansa ya shiga ya ƙi fita, sai da aka taru aka cece shi. Surukin ya ba da haƙuri sau goma sha ɗaya.

"Baba, wallahi alheri na yi nufi."

"Na sani. Shi ya sa ka ga ban ce komai ba."

'Yar tasa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baba, to, lokaci ya yi ke nan." A hankali ta faɗa, amma ba ta iya ɓoye cewa hankalinta ya kwanta ba. Ranar Lahadi ya buga ƙusa a bango da kansa ya rataye keken. Ranar Litinin ya shiga bas. Wata mata, wadda ita ma ba yarinya ba ce, ta miƙe ta ce, "Baba, zo ka zauna." Ya zauna, ya yi godiya, kuma ya ce tun da yake bai taɓa jin alheri mai ciwo irin wannan ba.

Ranar Talata ya kai gawar wurin tela don a tabbatar. Tela ya juya ta ciki waje, ya ɗaga ta a haske.

"Malam, sau nawa na yi maka faci?"

"Biyar."

"To ga biyar ɗina, ga zarena nan ya fito fili. Waɗannan fa?"

Ruwan zafi ya tona asiri, domin sabon ulu da tsoho ba sa tsukewa daidai. A hammata, a wuya, a gefen baya, tela ya ƙirga wurare goma sha uku.

"Wannan ba aikin tela ba ne. Da ulun asali aka yi, daga ciki, ana bin idon saƙar ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya saƙa ta ne ya yi wannan."

Mai Agogo ya ɗauko gilashinsa na duba cikin agogo ya maƙala a ido. Ya ga tsofaffin gyare-gyaren a tsuke suke tsaf, na baya-bayan nan kuwa sun ɗan saki, irin aikin yatsun da ke ciwo. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire gilashin ya goge, ya ce hazo ya yi.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a kujerar taga. Ya ajiye marigayiyar a cinyarta.

"Ashe ke ce."

"Telanka ba ya duba hammata."

"Ke da kika sa na yi alkawari?"

"Tsoro ne ya sa ni, Malam, kuma har gobe ina jin sa. Amma ni ke buɗe maka ƙofa in ka dawo. Na san fuskar da kake shigowa da ita. Ta jiya ma na gan ta."

Marigayiyar ta bar singileti biyu, da jaket wadda tun ranar take lilo a jikin maigidan ba ta san inda za ta sa kanta ba, da hula, da safar hannu uku, da keke ɗaya a bango wanda har yanzu ba a sami mai ƙarfin halin gaya masa ba.

Tunda ulun ya dunƙule, ba ya warwaruwa, iyali sun amince tela ya yanke gabanta ya ɗinke shi a cikin ƙirjin jaket, nan ne makwancinta. Za a raka ta gobe Alhamis da ƙarfe shida da minti ashirin, daga ƙofar gida zuwa hayin gada, a kan keke. 'Yar maigidan, wato ma'aikaciyar jinya, ta yarda da zuwa ɗaya tak. Suruki zai biyo baya a mota, kuma an roƙe shi kada ya taɓa komai.

Ana karɓar gaisuwa a gida. Ana roƙon jama'a kada su kawo suwaitar kanti. Ana kuma roƙon kada kowa ya zauna a kujerar taga, akwai allurar saƙa da koren ulu a kai. Uwargida ta ce rigar matashin kai take saƙawa, a hankali, yadda yatsu suka yarda, kuma babu wanda ya yi mata musu. Yau da safe dai an gan ta tana auna bayan maigidan da hannu, taƙi bayan taƙi, da ta zo ƙugu ta ƙara yatsu huɗu.