Kalmar Sirrin da Na Faɗa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Makka ba, ranar da bakina ya furta abin da ko a mafarki ban zaci zan faɗa a kunnen surukina ba.

A lokacin ina karatun hadisi a jami'a, sabon ango, muna zaune a unguwar Shisha ni da amaryata Balkisu. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, Bakano ne da gemunsa ya yi fari a Makka. Yana da ɗan ofis a unguwar Jarwal inda yake kula da masaukin masu zuwa Umara daga gida. Idan na taso daga aji nakan biya in taya shi aiki, rabi don lada, rabi don a ga ba a yi zaɓen banza ba.

Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin, a cikinta akwai rumbun bayanai guda: sunan kowane baƙo, garinsu, benen da aka sauke shi, da motar da za ta kai shi Madina. Kowa ya zo sai ya buɗe, har direbobi. Rannan wani ya goge sunayen iyali guda bisa kuskure, aka rasa ko waye. Sai ni gwaninku, mai kwas ɗin kwamfuta na 'yan watanni a Kano, na ce a bar mini.

Na ba kowa sunan shiga da kalmar sirrinsa. Na tsara cewa ma'aikaci ba ya ganin kowa sai baƙin benen da yake kula da shi. Baba da kansa jadawalin motoci kawai na buɗe masa, wai don na lura ba ya son danne-danne. Mutum ɗaya ne ke ganin komai, kun kuma san ko waye. (Kada ku tambaye ni dalili. Akwai daɗi a ce sai an jira ka.) Na tara su na yi musu huɗuba, na ce ko uwar da ta haife su kada su gaya wa kalmarsu. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗayyib, ya yi kyau, Malam. Allah ya sa albarka."

Abin da ban kawo a raina ba shi ne, aikin da ya fi yawa a ofishin nan neman masaukin wanda ya ɓata ne. Wanda ya ɓata kuwa, da ya san benensa ai da bai ɓata ba.

Ranar da abin ya faru ina cikin taksi daga Shisha zuwa ofis, cunkoso ya riƙe mu, sai ga kira daga layin ofis. Baba ne.

"Malam, ga wata dattijuwa nan, mai abincin nan ta unguwar Mansur ta tsinto ta ta kawo. Tun azahar take yawo, ta baro katin masaukinta a ɗaki. Sunanta da garinsu kawai ta sani, sai kuma cewa yau bayan la'asar motarsu za ta tashi Madina."

Ya ce ma'aikaci ɗaya ne a ofis, Sale, ya duba da tasa kalmar, ba a benensa take ba. Sauran suna can suna lodin kaya, babu mai ɗaga waya, ga motoci na tashi daga benaye daban-daban. "Ba ni taka in duba."

Nan gumi ya keto mini, duk da sanyin motar. Ku da kuka san kunyar Hausa kun san yadda muke. Balkisu 'yar fari ce. Ban taɓa jin Baba ya kama sunanta ba, sai dai ya ce "mutanen gidanka". Ni ma a gabansa ban taɓa wuce "iyali" ba. Kalmar sirrin tawa kuwa, da na zaɓa ina cikin ɗokin amarci, ban yi ta don kunnen kowa ba.

"Baba, ko a ba Sale wayar?"

"Sale ya fita tarar motar da zai kai ta. Ni ne a gaban kwamfutar, na buɗe muryar wayar don hannuna na aiki. Yalla, faɗi."

"Baba, ai ga ni nan tafe."

"Kafin ka iso sun bar Makka."

Sai na jiyo muryar dattijuwar. "Ɗan nan, ka taimake ni. Maganina na cikin jaka, ban san kowa ba a garin nan sai 'yan motarmu."

Na rufe ido, na faɗa can ƙasan maƙogwaro.

"Ban ji ba. Ɗaga murya."

"Balkisu zumata."

Direban taksin, wanda ashe Bahaushe ne haihuwar Makka, ya leƙo ni ta madubi ya mai da kansa titi. Na fara jin ƙarar madannai ɗaya bayan ɗaya, domin da yatsa guda Baba yake bugawa, ga shi ba ya sauri. Wato ina saurare dattijon nan yana rubuta sunan da bai taɓa furtawa ba, haɗe da ƙarin da na yi masa.

"Ta ƙi buɗewa," in ji shi, muryarsa ko gezau. "A haɗe ne ko a rabe?"

"A haɗe, Baba."

Ya sake daga farko. Yana cikin yi dattijuwar, da hankalinta ya ɗan fara dawowa, ta ce, "Alhaji, wace ce kuma Balkisu?"

"Wata baiwar Allah ce, Hajiya," in ji Baba. "Yauwa, ga ki nan. Benenku ma ba nisa."

Da na iso ban tarar da ita ba. Sale ya kai ta, ya ce sun samu an tada motar, 'yan garinsu na ta jayayya da direba a kan ba za su tafi su bar ta ba. Ta shiga, aka miƙa mata jakarta, ta yi ta kuka tana sa wa duk wanda ya taimaka albarka.

Na tsaya a bakin ƙofar ofis kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam, tsarinka ya yi kyau, tun da ka sa shi ba a sake goge komai ba. Bar shi. Amma neman suna ka buɗe wa kowa, gyara da gogewa ne za ka kulle. Kuma ka yi wa wani irin ikonka, saboda ranar da ba ka nan." Halas, iyakar maganar ke nan. A ranar na gyara, na kuma sauya kalmata kafin in sha ruwa.

Har yau Baba bai taɓa tada zancen ba, ko da wasa, ko da kallo. Na gode masa a kan wannan fiye da yadda zan iya gaya masa, na kuma gode wa Allah da kunyata kaɗai abin ya ci, ba tafiyar baiwar Allah ba. Mai abincin Mansur ce dai, wadda ashe tana ofis lokacin ta ji komai, ba ta da irin wannan kawaici. Har na gama karatu, duk ranar da na je sayen tuwo sai ta ɗaga murya a gaban jama'a ta ce, "Malam, ya gida, ya zuma?"

Tun daga nan ban sake riƙe makullin jama'a ni kaɗai ba. Kalmar sirri kuwa, kafin in zaɓa sai na gwada faɗinta a zuci a gaban Baba. In na ji gumi, in sake wata.